Yaro Mai Lalurar Ƙwaƙwalwa: A Duba Kai, Amma Kada A Manta Da Kunne

Duk gidan da aka haifi jaririn da likita ya ce akwai tangarɗa a halittar ƙwaƙwalwarsa, hankalin kowa yakan koma kan abu guda ne, wato kan yaron. Ana auna girmansa, ana taɓa maɗiga, ana fafutukar kuɗin hoto da na aiki, ana zaman ɗar-ɗar kada jijjiga ta taso cikin dare. A cikin wannan ɗawainiya akwai gaɓa guda da kusan kullum ake mantawa da ita, ita ce kunne. Sai yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai ce uffan ba, sannan a ce ai ciwon kansa ne ya hana shi magana, alhali kuwa a lokuta da dama yaron bai taɓa jin muryar mahaifiyarsa ba ne tun ranar da ya zo duniya.

Wannan magana ta shafi kowa, amma ta fi shafar mutanen da rayuwarsu ke tsakanin ƙasashe biyu ko uku, irin 'yan kasuwarmu na Jibiya da Ɗan Isa, Illela da Ƙonni, Maigatari, Kamba, Gamborun Ngala, har zuwa Adare da Gallabat a iyakokin Sudan. Maigida yana kan hanya, katin asibiti yana wata ƙasa, likitan da ya fara ganin yaro yana wata. Don a ga yadda lamarin ke zama idan komai ya kwance, ya kamata mu leƙa wata unguwa a kudancin Hartum da ake kira Alshajara.

Abin da ya faru a Alshajara

Alshajara tana bakin Farin Nilu ne, a kan hanyar da ta tashi daga tsakiyar Hartum ta bi ta Kalakla zuwa Jabal Auliya. Ma'anar sunan da Larabci ita ce bishiya, kuma a zamanin mulkin Ingila Turawa suna kiran wurin Bishiyar Godon. Kudancin Hartum ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Tun ƙarnoni da suka wuce alhazan ƙasa ke ratsa Sudan a kan hanyarsu ta Makka, wasu su yada zango su zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas har ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Aikin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 ya ƙara jawo jama'a. Jikokin waɗannan mutane ne ke Gadarif da Kasala da Madani da Fot Sudan, da kuma unguwannin Hartum irin su Ishash Fallata da Mayo.

Kafin Afrilun 2023, uwar da ke zaune a wannan yanki, idan ta haifi yaro mai babban kai, ta san inda za ta nufa. Mota ɗaya ko biyu za ta shiga ta isa tsakiyar birni, inda asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf yake, da asibitin Al-Sha'ab mai sashen aikin ƙwaƙwalwa, da asibitin kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai kuma makarantar kurame ta Al-Amal. Ba a ce komai yana tafiya daidai ba, layi yana da tsawo, kuɗi kuma yana ciwo, amma dai akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Manyan asibitocin tsakiyar Hartum suna daf da hedikwatar soja, saboda haka cikin makonnin farko yawancinsu suka rufe. Ita kuwa Alshajara, da yake nan ne barikin rundunar tankokin yaƙi yake, sai ta zama fagen daga na watanni, musamman daga Agustan 2023. Asibitoci ƙalilan ne suka ci gaba da aiki, irin su Basha'ir a kudancin birnin da Al-Nau a Umdurman, su ma hankalinsu ya tafi kan masu raunin harsashi da mata masu naƙuda. Mutane sama da miliyan 11 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Sai a watan Maris na 2025 sojoji suka sake karɓe Hartum, mutane suka fara komawa suna tarar da asibitocin da aka wawashe.

To, mai karatu ya auna halin yaron da ke sanye da na'urar ƙara ji a ranar da iyayensa suka ɗauki ƙullin kayansu suka nufi Madani ko Adare. Batirin na'urar ba ya wuce mako ɗaya ko biyu. Robar da ke cikin kunnensa za ta yi masa kaɗan cikin 'yan watanni. Mai saita na'urar ya yi gudun hijira shi ma. Abin da kawai zai bi yaron ko'ina shi ne abin da ke hannun iyayensa da kuma kansu: takardun bincikensa, sanin ciwonsa, da harshen da suka riga suka koya suna magana da shi. Wannan darasi bai tsaya kan Sudan ba. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Duk wanda ke kai yaronsa Sakkwato daga Ƙonni, ko Katsina daga Maraɗi, ya san yadda ranar ganin likita ke wucewa mutum yana tsaye a bakin shinge.

Me ya haɗa kai da kunne?

Ji ba a kunne kaɗai yake ba. Sauti yana shiga ta ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa shi ga wata gaɓa mai siffar katantanwa can ciki, ita kuma ta mayar da shi saƙo, jijiyar ji ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa, inda ake fassara shi ya zama magana. Kamar kaya ne da za su tashi daga Kano zuwa Damagaram: ko mota ta lalace, ko gada ta karye, ko a isa a tarar ba mai karɓa. A ko'ina aka samu cikas, kaya ba su isa ba. Yaron da ke da tangarɗar ƙwaƙwalwa yana iya samun cikas a kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare, domin sau da yawa abin da ya taɓa kan shi ne ya taɓa kunnen.

Lalurorin da aka fi gani a asibitocinmu su ne taruwar ruwa a cikin kai, wadda ke sa kai ya yi ta girma, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Da ƙanƙancewar kai. Da kuma ƙullutun da ake haifar yaro da shi a ƙeya ko a gadon baya saboda ƙashi bai rufe ba. Kan jariri lafiyayye yakan kai kimanin santimita 35 ranar haihuwa, ya kai wajen 46 idan ya shekara. Tef ɗin tela ya isa a auna, a rubuta duk wata.

Daga cikin dalilan da ke haɗa ciwon kai da kurumta, babba shi ne wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira CMV. Babba yakan ɗauke ta bai ma sani ba, amma idan ta kama mace mai ciki tana iya hana ƙwaƙwalwar ɗan tayi tsaruwa yadda ya kamata, ta kuma lalata katantanwar kunne. Ita ce kan gaba wajen jawo kurumtar haihuwa wadda ba ta gado ba. A Amurka an ƙiyasta jariri ɗaya cikin 200 ake haifa da ita. Abubuwa biyu ya kamata iyaye su riƙe game da ita. Na farko, ana tabbatar da ita ne ta gwajin fitsari ko yawun jariri cikin kwana 21 na farko, kuma akwai maganin sha na wata shida da aka nuna yana taimaka wa ji idan an fara shi da wuri. Na biyu, yaro yana iya ji lafiya lau ranar suna, jin ya riƙa raguwa daga baya, saboda haka gwaji ɗaya bai wadatar ba. Tana yaɗuwa ta yawu da fitsarin ƙananan yara, don haka mai ciki ta riƙa wanke hannu da sabulu bayan tsarkin yaro, ta kuma daina haɗa cokali da shi.

Sai rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus. Idan ta kama mace a watanni ukun farko na ciki tana iya barin jariri da kurumta, da yanar ido, da ciwon zuciya, da ƙaramin kai. Allurar rigakafi tana hana ta ɗungurungum. Sudan ta shigar da allurar a farkon 2024 ana tsakiyar yaƙi, Nijeriya kuma ta fara gangaminta a Oktoban 2025. Akwai kuma gado. Auren zumunci ya yawaita a Sudan da ƙasar Hausa, kuma wasu nau'o'in kurumta da na tangarɗar ƙwaƙwalwa suna fitowa ne idan uwa da uba duka suna ɗauke da iri ɗaya a jininsu ba tare da su kansu sun nuna wata alama ba. Wannan ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, kamar yadda dangin miji kan ɗora mata, kuma ba ya nufin yaron ɗan ruwa ne ko an yi masa jifa.

Ba duk babban kai ne na haihuwa ba. Likitan nan ɗan Amurka, Benjamin Warf, wanda ya yi aiki a asibitin yara na Mbale a Yuganda, ya nuna a 2005 cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na yaran da ya yi wa aikin ruwan kai, wata cuta ce ta kama su bayan haihuwa ta toshe hanyar ruwan. Irin wannan cuta, musamman sanƙarau, ita ma tana kashe ji. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Kimanin ɗaya cikin goma na yaran da suka tashi daga sanƙarau sukan rasa ji, kuma bayan ciwon katantanwar kunne tana iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, abin da ke sa taimako ya yi wuya daga baya. Shi ya sa ake so a gwada jin yaro kafin a sallame shi, ko cikin wata guda.

Shawarar jarirai ma tana cikin jerin. Idan idon jariri da jikinsa suka yi rawaya sosai aka tsaya ana ba shi ruwan gulukos ko jiƙo, dafin yana hawa ƙwaƙwalwa ya bar shi da sanƙarewar gaɓoɓi da lalacewar jijiyar ji. Maganinta hasken fitila ta musamman ne a asibiti, ko sauya jini idan ta yi tsanani. Kafur da ake zubawa cikin kayan jariri yana tayar da ita ga yaran da ke da wani rauni na jini da ya yawaita a yankinmu.

Tafi a bayan yaro ba gwaji ba ne

Abin da aka saba yi a gida shi ne a tafa hannu ko a buga kwano a bayan yaro a ga ko zai juyo. Wannan yana yaudara ta fuska biyu. Kurman yaro yana da kaifin ido, yana ganin inuwa, yana jin iskar tafin a fatarsa, yana jin girgizar ƙasa, sai ya juyo a ce ai yana ji. A ɗaya ɓangaren, yaron da wuyansa bai tsaya ba saboda nauyin kai ko raunin jijiya yana iya ji sarai amma ya kasa juyowa, sai a yanke masa hukuncin kurumta. Kuka da dariya ma ba shaida ba ne, domin kurman jariri yana yin su kamar kowa. Abin lura shi ne gwaranci. Yaro mai ji yakan fara maimaita "ba-ba-ba" da "da-da-da" kafin ya cika wata goma. Idan aka ji shiru, ko ya fara ya daina, a nemi gwaji.

Gwajin asibiti iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ƙwarai ga irin waɗannan yara. Na farko, wanda ake taƙaita sunansa da OAE, ɗan abu ne ake sa wa a ramin kunne na minti biyu, yana auna amsa-kuwwar da katantanwa ke mayarwa. Yana da sauƙi da araha, amma iyakarsa katantanwa. Yaron da matsalarsa ke jijiya ko ƙwaƙwalwa yana iya cin wannan gwaji, a ba iyaye takarda cewa lafiya lau, alhali saƙo ba ya isa. Na biyu shi ne ABR, inda ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne yaro yana barci, a bi sawun saƙon tun daga kunne har gindin ƙwaƙwalwa. Duk yaron da aka ce yana da tangarɗar ƙwaƙwalwa, ko ya yi shawara mai tsanani, ko ya kwanta a ɗakin jarirai kwanaki da yawa, wannan na biyun ne nasa. Uba ya buɗe baki ya tambaya: wanne aka yi wa ɗana?

Yin sa da wuri yana da wata riba. Jaririn wata biyu ko uku ana shayar da shi ya yi barci a gama gwajin. Wanda ya girma sai an ba shi maganin barci, wanda ke da haɗari ga yaro mai jijjiga ko matsalar numfashi. Haka kuma idan ruwa ya danne ƙwaƙwalwa sakamakon gwajin yana iya fitowa da muni fiye da gaskiya, saboda haka ana maimaita shi bayan an yi aikin rage ruwan. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a tantance ji kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar haka take, domin sashen ƙwaƙwalwa mai koyon harshe ya fi karɓa a shekaru ukun farko.

Ga na kusa da mu, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sassan kunne na asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda kuma cibiyar aikin ƙwaƙwalwa take karɓar yara daga Nijeriya da Nijar. Likitan kai ba lallai ya tuna da kunne ba, aikin gabansa ya ishe shi. Iyaye ne za su roƙi takardar turawa.

Na'ura: abin da take yi da abin da ba ta yi

Idan an tabbatar akwai ragowar ji, ana iya sa wa jariri na'urar ƙara ji tun yana 'yan watanni. A nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya yi hattara da sana'arsa. Akwai ƙananan na'urori masu araha da ake shigowa da su cikin kwali daga Dubai da Sin ana sayarwa a shagunan kayan lantarki. Waɗannan lasifika ce kawai, tana ƙara ƙarar komai baki ɗaya, har da janareta da injin markaɗe, kuma tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Na'urar yaro ta gaskiya ana saita ta ne da kwamfuta daidai da sakamakon gwajinsa, kowane kunne da nasa awo, kamar gilashin ido.

Kuɗin sayen na'ura shi ne farkon kashe kuɗi. Robar kunne sai an riƙa sauya ta duk bayan 'yan watanni saboda kunnen yaro yana girma, alamar ta yi kaɗan kuwa ita ce na'urar ta riƙa fito. Gumi da ƙurar hunturu da laimar damina duk abokan gabarta ne, don haka da dare a cire batir a ajiye ta cikin gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani. Batirin yana da 'yar takarda a manne, da zarar an ɓare ta ya fara ƙarewa ko ba a yi amfani da shi ba. Mai hankali yakan ajiye na wata uku a gida, nesa da hannun yara, domin haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

Idan kurumtar ta yi zurfi, akwai na'urar da ake dasawa ta hanyar tiyata, wadda ke tsallake katantanwa ta taɓa jijiyar ji kai tsaye. An yi wa yara wannan aiki a Hartum kafin yaƙi, ana yi a Masar da Saudiyya da Indiya, da wasu asibitoci ƙalilan a Nijeriya. Kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, kuma kafin mutum ya sayar da shago ko gona ya kamata ya samu amsar tambayoyi uku. Shin hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar ji tana nan? Idan babu ita, dashen ba zai yi aiki ba. Wa zai riƙa saita na'urar da koya wa yaro sauraro na tsawon shekaru bayan an dawo gida? Ina za a samu waya da batir idan sun lalace? Yara masu tangarɗar ƙwaƙwalwa da yawa suna amfana da dashen, suna jin kiran suna da hon ɗin mota, suna ƙara sakewa da mutane, amma ci gabansu yakan yi jinkiri, wasu kuma ba za su kai ga magana da baki ba. Likitan kirki zai faɗi haka tun kafin a biya. Idan kuma yaro yana da bututun rage ruwa a kai, a sanar da likitan kunne, domin wasu bututan ana saita su ne da maganaɗisu, na'urar dashe kuma tana da nata maganaɗisun.

Maganar hannu ba faɗuwa ba ce

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a zauna jiran na'ura, ko jiran kuɗi, ko jiran a buɗe iyaka, yaro yana zaune ba harshe ko ɗaya. Abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata shi ne harshe, ko ta kunne ya shigo ko ta ido. Bahaushe kuwa ba ya buƙatar aro a nan. Maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, tsohon harshe ne a ƙasar Hausa, mai ƙa'idojinsa, har Kano tana da sarautar Sarkin Bebaye. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinsa, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Ɗan kasuwa ma shaida ne, don ba kasuwar da babu kurma mai sana'a a cikinta, ana ciniki da shi da hannu a ƙulla a rabu lafiya.

Wasu iyaye suna tsoron idan yaro ya koyi hannu ba zai yi magana ba. Binciken masana bai goyi bayan wannan tsoro ba. Yaron da ya riga ya san cewa kowane abu yana da suna ya fi saurin kama sunan da baki idan ji ya samu. A fara da kalmomi goma na yau da kullum: nono, ruwa, abinci, barci, zafi, zo, ƙari, a'a, inna, baba. A tsuguna daidai fuskarsa, a wuri mai haske, a yi alamar a kuma furta kalmar tare. Idan hannunsa ba ya lanƙwasuwa, a karɓi duk alamar da ya iya, ko a yi amfani da hotuna da kayan gida ya riƙa nunawa da ido. Idan ganinsa ma ya raunana, a yi masa alamar a tafin hannu ko a jikinsa. Kada a bar wa uwa ita kaɗai. Yayye da kakanni da abokiyar zama, da shi kansa maigida idan ya dawo daga tafiya, kowa ya koya. A nemi wani kurma babba mai mutunci a unguwa ya riƙa zuwa gidan, ya fi kowane littafi. Idan yaro ya isa makaranta, akwai ta Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977, da ta A. A. Raji a Sakkwato, da makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram.

Abin da ke hannunmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke fama da raunin ji mai buƙatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. Wani kaso na wannan rigakafi yana cikin kasuwa ne. Allurar jentamaisin tana ceton ran jariri idan likita ya auna ta daidai da nauyinsa, kuma bai kamata a ƙi ta a asibiti ba. Amma irin yadda ake yanka ta a kemis da rumfunan kasuwa ga duk yaron da ya yi zazzaɓi, ba awo ba lissafi, tana kashe katantanwar kunne har abada. Mai sayar da magani ya ji tsoron haƙƙi. Haka nan mugunyar da ke fita daga kunne ba ta haƙori ba ce, ciwo ne mai magani, kuma ɗiga manja ko ruwan ganye, ko soka tsinken ashana da gashin kaza, ƙara ɓarna ne. Yaron da jinsa ya riga ya raunana ba shi da rarar da zai yi asara.

Matan da ke shirin ɗaukar ciki su nemi ƙwayar folik asid, maikurogiram 400 a kullum, tun kafin cikin ya shiga, domin ƙashin baya da na kai suna rufewa ne cikin makonni huɗun farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. A kai yara rigakafi, a kuma amsa kiran allurar sanƙarau duk lokacin da aka yi shela.

Daga ƙarshe, a kula da takardu kamar yadda ake kula da takardun kwastan. Sakamakon gwajin ji, hoton ƙwaƙwalwa, sunan bututun da aka sa da ranar aikin, sunayen magungunan jijjiga da awonsu, lambar na'ura da girman batirinta, duk a ɗauke su hoto a waya, a tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Yaron da aka gwada a Hartum da Larabci yana iya tsintar kansa gaban likita mai Faransanci a Abeshe ko mai Ingilishi a Maiduguri, don haka a roƙi likita ya rubuta taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Ingilishi. Uwa kuma ta haddace alamomin toshewar bututu: amai, yawan barci, kumburin maɗiga, kuka marar dalili. Yaron da ba ya magana ba zai ce kansa na ciwo ba, sai dai in an koya masa alamar ciwo da hannu. Idan aka ga waɗannan alamomi, asibiti za a nufa a ranar, ko da ranar kasuwa ce.